Muhawara: Me "Renovate" Take Nufi da Hausa, Sabuntawa ko Gyara?

Malam Shu'aibu, Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman taimakon malaman harshe da masu sana'ar gini da ke cikin wannan zaure a kan wata kalmar Turanci guda ɗaya, wadda ta hana kwamitinmu yanke shawara tun makon jiya. Ni ne sakataren kwamitin wata makarantar Islamiyya a nan Agege, wadda iyayenmu fataken goro da dillalan shanu suka gina da kuɗin aljihunsu. Yanzu rufinta yana yoyo, bangon ajujuwa biyu ya tsage, katakon tagogi kuma danshi ya cinye shi. Wani bawan Allah ya ɗauki nauyin aikin, ya turo mana ɗan kwangila, shi kuma ya kawo takarda da Turanci, inda ya rubuta cewa abin da zai yi wa ginin shi ne "renovate".

Da na tashi karanta wa dattawa takardar, sai na ce za a sabunta makarantar. Ban rufe baki ba wani dattijo ya ce shi bai yarda a rushe ginin da mahaifinsa ya ɗauko yashinsa a ka ba, domin a fahimtarsa ba a samun sabo sai an kawar da tsoho. Wani matashi ya so ya kwantar masa da hankali, ya ce ai kwaskwarima kawai ake nufi. Nan kuma ma'aji ya ce idan kwaskwarima ce, to kuɗin da aka rubuta ya wuce kima, tunda fenti da shafe ba su kai haka ba. Haka muka tashi babu matsaya. Tambayata ita ce: mene ne ainihin ma'anar wannan kalma, waɗanne kalmomi ne 'yan uwanta a Turanci, kuma wace kalmar Hausa zan faɗa ranar Asabar wadda ba za ta tayar wa dattijo hankali ba, ba kuma za ta sa a zargi ɗan kwangila da abin da bai yi ba?

Malama Hadiza, Surulere

Wa alaikumus salam, Malam. Turanci nake koyarwa a makarantar sakandare, kuma wannan tambaya takan zo mini daga ɗalibai. Idan asali aka bi, ba ka yi kuskure ba, domin kalmar ta fito ne daga harshen Latin, inda "re" yake nufin sake yin abu, "novus" kuma yake nufin sabo. Saboda haka fassararta ta baƙi da baƙi ita ce sabuntawa. Sai dai a bakin masu harshen a yau kusan kullum gini ake nufi da ita, kuma ginin yana nan tsaye a inda yake: ana gyara abin da ya lalace, a sauya abin da ya tsufa, a tsabtace, har wurin ya koma kyakkyawan hali. Da rushewa ake nufi, da an rubuta "demolish", sannan "rebuild" ko "reconstruct", wato sake ginawa. A da can ana amfani da ita har ga ƙarfin jiki da karsashin mutum, a ce hutu ya sabunta shi, amma wannan ma'ana ta ja baya.

Mafi kusanci da ita a cikin 'yan uwanta su ne "repair", "restore" da "refurbish", kuma kowacce da inda ta nufa. "Repair" ita ce gyaran abu takamaimai da ya lalace, kamar famfo ko ƙofa, ba ruwanta da sauran gidan. "Restore" kuwa baya take kallo, domin manufarta ita ce a maido da abu yadda yake tun farko, da irin kayan da aka yi shi da su, ko da akwai waɗanda suka fi su a kasuwa. Daga tushenta ne ma Faransawa suka samo sunan gidan abinci, wato "restaurant", saboda a birnin Paris na ƙarni na 18 sunan wani romo ne da ake sha don maido da ƙarfin jiki. "Refurbish" asalinta goge tsatsa ne daga takobi da sulke, shi ya sa har yau ta fi karkata ga abin da ido yake gani, wato fenti, kujeru, labule da daɓen ƙasa. Ita ce ta fi kusa da kwaskwarimar da matashinku ya ambata, amma ba ita aka rubuta a takardarku ba.

Injiniya Bashir, Ebute Metta

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Abin da zan ƙara daga fagen aiki shi ne, Malam Shu'aibu, kalmar ita kaɗai ba ta ɗaure ɗan kwangila da komai ba. Na ga aikin da aka kira da wannan suna alhali fenti kawai aka yi da sauya silin, na kuma ga wanda aka kira da sunan nan guda alhali ba a bar komai ba sai ginshiƙai da bango. Abin da yake fayyace zurfin aiki shi ne takardar ƙididdiga, wadda take jera kowane aiki da yawan kayansa da farashinsa: kwano bandir nawa, siminti buhu nawa, katako guda nawa, taga nawa za a cire. Idan bai kawo muku ita ba, ku nema kafin Asabar.

Akwai kuma kalmomi biyu da mu muke rarrabewa. "Remodel" tana nufin sauya fasalin gini, kamar a fasa bango a haɗe aji biyu su zama zaure ɗaya, ko a mayar da ƙofa wani gefen. "Rehabilitate" kuwa ita muke faɗa idan abu ya gaza yin aikinsa, ana so ya koma aiki lafiya, kuma an fi jin ta a hanyoyi da gadoji da madatsun ruwa. Kowa a nan ya tuna yadda aka rufe sassan gadar Third Mainland a 2020, sannan aka sake rufewa a farkon 2024. Gadar nan mai tsawon kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990 ba a sauya mata kama ba, ba a kuma nemi maido mata da kamanninta na ranar buɗewa ba. An sauya mahaɗan ƙarfen da ke tsakanin sassanta ne, an kankare tsohuwar kwalta an shimfiɗa sabuwa, domin ta ci gaba da ɗaukar nauyin da aka gina ta dominsa.

Malam Kabiru mai fassara, Obalende

Ni ina da ra'ayi dabam da na Malama Hadiza a wuri ɗaya, tare da girmamawa. Na daɗe ina fassara sanarwa da labarai, kuma abin da na koya shi ne Bahaushe ba ya bukatar kalma bakwai a inda ɗaya ta wadatar. "Gyara" ta ɗauke duk waɗannan. Muna cewa gyaran gida, gyaran mota, gyaran hanya, gyaran hali, gyaran aure, gyaran doka, kuma ba a taɓa samun wanda ya rikice ba, domin abin da aka jingina wa kalmar shi ke nuna irin gyaran. Da Malam Shu'aibu ya ce wa dattawa za a gyara makaranta, da ba wanda zai tashi tsaye. Matsalar ta faro ne daga lokacin da ya bi asalin kalmar Turanci ya ce sabuntawa. Mu kuwa a bakinmu na yau ana sabunta fasfo ne, da lasisin tuƙi, da yarjejeniyar haya, wato tsohon ya ƙare an ba da wani a madadinsa, kuma wannan ita ce "renew" ta Turanci. Dattijon nan Hausa ya ji daidai.

Malama Hadiza, Surulere

Malam Kabiru, na yarda da kai cewa dattijon ya ji daidai, kuma bambancin da ka kawo tsakanin "renew" da "renovate" yana da muhimmanci, duk da cewa ma'anarsu ta asali ɗaya ce. Inda ban bi ka ba shi ne cewa "gyara" ta wadatar a wannan zama. Ka duba abin da ma'aji ya ce. Idan aka ce masa gyara ne kawai, zai sake tambaya: gyara wane iri ne zai ci wannan kuɗi? Faɗin kalmar shi ne amfaninta a hira, amma a gaban kuɗin jama'a faɗin nan yakan zama ƙofar zargi. Hausa kuma ba ta rasa kalmomin da za su taƙaita ta ba. Muna da gyaran fuska, muna da kwaskwarima, muna da faci, muna da garambawul, muna da farfaɗowa da rayawa da maidowa. Mu ne muka saba tsayawa a kan guda ɗaya saboda sauƙi.

Alhaji Ɗanlami, Ladipo

Tunda Malama ta ambaci garambawul, bari mu masu mota mu sa baki, domin kalmar tamu ce kafin 'yan siyasa su ɗauka. Shekaruna sun haura talatin ina harkar kayan gyaran mota, kuma a wurinmu kowane mataki da sunansa. Idan aka juye baƙin mai aka sauya filogi, sabis aka yi. Idan taya ta yi huji aka toshe, faci ne. Idan mota ta bugu aka buge jikinta ya miƙe, an tayar da komaɗa ke nan, kuma daga nan ne ake cewa an tayar da komaɗar tattalin arziki. Idan aka yi mata sabon fenti aka sauya rigar kujeru domin a kai ta kasuwa, wannan kwaskwarima ce, kuma mai saye da ya san mota ba ya yarda da ita sai ya buɗe gaba ya saurari inji. Garambawul kuwa shi ne a sauke inji gaba ɗaya, a warware shi ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a auna, a sauya zobe da duk abin da ya cinye, sannan a mayar a ɗaure. Motar tana nan da lambarta da jikinta, amma cikinta ya zama sabo. Turawa "overhaul" suke cewa, kuma duk wanda ya saurari kalmomin biyu zai ji amon ɗaya a cikin ɗaya.

Idan ni ne kai, Malam Shu'aibu, zan ce wa dattawa garambawul za a yi wa makaranta. Duk wanda ya taɓa mallakar mota ko babur ya san cewa ba a jefar da abin da aka yi wa garambawul, ya kuma san cewa ba aikin kuɗi kaɗan ba ne.

Malam Kabiru mai fassara, Obalende

Ranka ya daɗe Alhaji, wannan shawara tana da ƙarfi. Abin da kawai nake jin tsoro shi ne, a kunnen masu sauraron rediyo garambawul ya koma ma'anar sauke mutane daga muƙami, kamar yadda ake cewa gwamna ya yi wa majalisar kwamishinoninsa garambawul. Kada malaman makarantar su ɗauka su za a sallama. Idan za a yi amfani da ita, a ce garambawul ga ginin, a ambaci ginin a fili.

Malam Abdulƙadir, Idi-Araba

Bismillah. Na karanta abin da 'yan uwa suka rubuta, kuma ina so in tunatar da mu cewa wannan bambanci ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. A Larabci akwai islahi, wato gyara abin da ya ɓaci, akwai tarmimi da ake faɗa wa gyaran gini, akwai kuma tajdidi, wato sabuntawa. Daga tajdidi ne muka sami "jaddada" da "mujaddadi". A yau idan aka ce shugaba ya jaddada aniyarsa, abin da ake fahimta shi ne ya nanata, amma tsohuwar ma'anar tana nan a bakin malamai idan suka ce a jaddada alwala. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi maganar wanda Allah zai aiko wa al'umma a farkon kowace shekara ɗari ya jaddada mata addininta, kuma a kan haka ne muke kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mujaddadi. Babu malamin da ya fahimci cewa mujaddadi rushe addini yake yi ya kawo wani. Ƙurar da ta rufe asali yake kaɗewa, har abin ya fito kamar yadda yake.

Saboda haka ina ganin akwai hanyar da za a bi da dattijon nan cikin ladabi, a nuna masa cewa sabuntawa iri biyu ce: akwai ta musanya tsoho da wani, kamar fasfon da Malam Kabiru ya kawo, akwai kuma ta raya tsohon shi kansa. Mutum ne da ya san karatu, ina kyautata zaton zai karɓa idan aka zo masa ta wannan ƙofa.

Malam Shu'aibu, Agege

Allah ya gafarta Malam, wannan bayani ya shige ni ƙwarai, kuma na san zai shigi Baba, wato dattijon namu, domin shi kansa almajiri ne. Ina bibiyar sauran bayanan.

Nura, Ikeja

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni waya nake gyarawa a kasuwar Computer Village, kuma kalmar "refurbished" ita ce muke fama da ita kullum. Malama ta ce asalinta gogewa ne, amma a harkar waya da kwamfuta ta yi zurfi fiye da haka. Idan kamfani ne ya rubuta ta, yana nufin an dawo masa da na'urar, ya gwada ta, ya sauya abin da ya lalace kamar batir ko gilashi, ya sake sayar da ita a farashi mai sauƙi tare da garanti. Amma a kasuwa akwai masu sauya murfi kawai su kira ta da wannan suna, kuma mai saye ba zai gane ba sai bayan mako biyu. Ni kaina na taɓa sayen irinta daga wani dila lokacin da nake koyon aiki, na yi asara. Tun daga nan idan ɗan uwa ya zo daga Arewa sayen waya, ba na faɗa masa kalmar Turancin, sai in ce masa wannan ta hannu ce ba a taɓa buɗe ta ba, wannan an buɗe an sauya mata kaza da kaza, wannan kuma riga kawai aka sauya mata. Ina ganin abin da Injiniya ya faɗa ke nan game da takardar ƙididdiga.

Malama Hadiza, Surulere

Haka ne ƙanena, kuma na ƙaru da wannan. Akwai wata kalmar da ta yi irin wannan tafiya, wato "revamp", wadda jaridun Najeriya suke yawan sa wa a kanun labarai game da masaƙu da matatun mai da harkar ilimi. Asalinta daga wurin masu takalmi ne: "vamp" ita ce fatar saman takalmi ta gaba, idan ta yage sai a ɗinka wata a kan tsohon ƙasan. 'Yan uwanmu masu gyaran takalmi da ke zagaya unguwannin Legas da akwatinsu suna yin wannan aiki kullum. Yau kuwa ana nufin a sake wa abu tsari domin ya farfaɗo, kuma ba kalmar da ta dace da yarjejeniyar gini ba ce, saboda ba ta da iyaka. Ita ma "rehabilitate" da Injiniya ya kawo, da mutum ta fara kafin gada, domin tsohuwar ma'anarta ita ce a maido wa mutum matsayinsa da mutuncinsa bayan an ƙwace. Wannan tunani na maido da mutum kan hanya shi ne ya sa, bayan dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari, muke jin ana cewa gidan gyaran hali.

Injiniya Bashir, Ebute Metta

Ina so in dawo kan damuwar dattijon, domin ba ta rasa tushe ba, kuma garin nan da muke ciki ya isa shaida. A nan unguwarmu, cikin harabar hukumar jiragen ƙasa, akwai Jaekel House, gidan da aka gina a 1898, wanda aka maido da shi bisa kamanninsa na asali, da barandarsa da katakonsa, aka mai da shi ƙaramin gidan tarihi. Wannan shi ne "restore". A kan titin Broad kuma akwai tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka da aka mayar wurin shaƙatawa mai suna Freedom Park a 2010: an bar katangar da wasu alamomi, amma aikin wurin ya sauya gaba ɗaya, kuma wannan "convert" ne. Sai babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka kammala a 1976 domin FESTAC, bikin fasaha da al'adun baƙar fata na 1977. Kwamitin bankuna ya karɓe shi ya yi masa aiki mai zurfi, siffarsa ta waje tana nan yadda kowa ya san ta, amma kayan ciki na zamani ne, kuma a 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka. Wannan shi ne misalin "renovate" mafi kusa da mu. A ɗaya gefen kuma akwai Ilojo Bar kusa da dandalin Tinubu, gini mai fasalin Brazil da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa tun 1956, amma aka wayi gari a 2016 an rushe shi. Wanda ya ga irin wannan da idonsa yana da haƙƙin ya tambaya kafin ya sa hannu.

Baba Audu magini, Mile 12

Jikana ne yake rubuta mini, ina faɗa masa. Ni ginin ƙasa na gada a gidanmu kafin in zo Ikko in koyi na bulo. A wurinmu gida ba ya jiran ya lalace kafin a taɓa shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a duba indararo, a toshe inda ya zaizaye, a sake daɓe idan ya fashe. Gidan da ake yi wa haka yakan wuce shekara ɗari, kuma in ka duba da kyau, ƙasar da ke jikinsa ta waje ba wadda kakan ya sa ba ce, amma ba wanda zai ce ba gidan kakan ba ne. Mutanen Djenne a ƙasar Mali har yau haka suke yi wa babban masallacinsu, duk gari ke fita rana guda a yaɓe shi. Ku gaya wa ɗan uwana dattijo cewa yaɓe za a yi wa makarantar mahaifinsa, irin na zamani, zai gane.

Amma ina da gargaɗi ɗaya. Mu muna da abin da muke kira gyaran gangar Auzinawa, wato gyaran da ya bar abu ya fi da lalacewa. Na sha ganin an shafe tsagar bango da siminti an bi da fenti, damina ɗaya ta sake buɗewa ta fi da faɗi. Kada a yarda da wannan.

Barista Zainab, Yaba

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ni ta fuskar yarjejeniya zan yi magana. Idan aka sami saɓani aka je gaban mai shari'a ko masu sulhu, ba asalin kalma a Latin za a tambaya ba, abin da ɓangarorin biyu suka rubuta suka sa wa hannu za a duba. Don haka shawarata ga kwamiti ita ce a ƙara sakin layi biyu a takardar. Na farko ya ce ba za a rushe wani bango ko a sauya fasalin ginin ba sai da rubutaccen izinin kwamiti. Na biyu ya jera abubuwan da za a cire, da waɗanda za a gyara a bar su a wurinsu. Sannan a yi fassarar Hausa a haɗa da ta Turanci, a karanta wa dattawa ita, kowa ya sa hannu a kan duka biyun. Ku kuma tambayi ɗan kwangilar batun izini, domin a jihar Legas hukumar tsara gine-gine tana ba da izini na musamman ga irin wannan aiki, dabam da na sabon gini, kuma ya fi kyau a san wanda zai nemo shi tun kafin a sauke yashi.

Game da kalmar kuwa, ina tare da Malama Hadiza cewa "gyara" ita kaɗai ta yi faɗi, ina kuma tare da Malam Kabiru cewa "sabuntawa" ita kaɗai tana ruɗarwa. A fassarar yarjejeniya ba laifi ba ne kalma ɗaya ta zama jimla guda.

Malam Kabiru mai fassara, Obalende

Na karɓi wannan, Barista. Idan jimla za a yi, ga abin da nake ba da shawara: "babban gyara na sabunta ginin ba tare da rushe shi ba". Gyara ta zo a gaba domin ita ce kunne ya saba da ita, "babban" ya amsa tambayar ma'aji, ƙarshen kuma ya amsa ta dattijo. A kanun labari da ba shi da wuri zan ci gaba da rubuta "gyara", amma a takardar da kuɗin jama'a ke ciki na yarda a tsawaita.

Malam Shu'aibu, Agege

Jama'a, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kira ɗan kwangilar jiya da daddare, ya turo takardar ƙididdigar da safiyar nan. Abin da ke ciki shi ne cire rufin gaba ɗaya da katakonsa a sa sabo, sauya tagogi takwas, sake wayar lantarki, gyaran tsagar bango, shafe da fenti. Babu rushewa a ko'ina. Na je gidan dattijon namu bayan la'asar ban jira Asabar ba, na karanta masa jimlar Malam Kabiru, na kawo masa maganar jaddada alwala da ta yaɓe. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: tsohuwar ƙofar zaure ta katako, wadda aka kawo daga Kano lokacin da aka buɗe makarantar, kada a musanya ta da ta ƙarfe, a kankare ta a shafa mata mai a mayar da ita. Na duba takardar na ga an sa ta cikin abubuwan da za a cire. Ke nan aikinmu gaba ɗaya "renovate" ne, amma ƙofar nan ita kaɗai "restore" za a yi mata, kuma zan nemi a rubuta haka da harsunan biyu kamar yadda Barista ta ce.

Injiniya Bashir, Ebute Metta

Madalla, Malam. Saura abu ɗaya kafin ku sa hannu, kuma shi ne gargaɗin Baba Audu. Layin da ya ce "gyaran tsagar bango" bai faɗi komai ba tukuna. Ka ɗauko mini hoton tsagar nan biyu daga ciki da waje, ka ɗora tsinken ashana ko biro a kai domin in ga faɗinta, ka kuma duba ko a miƙe take ko a karkace ta taso daga kusurwar taga. Idan siririya ce a jikin shafe kawai, abin da ya rubuta ya isa. Idan kuwa a karkace take, ta ratsa bulo har waje, kuma ta fi faɗi a gefe ɗaya, to mai yiwuwa harsashin ginin ne yake zama, kuma sai an tona an duba kafin a ɗora wa bangon nauyin sabon rufi. Ina da aiki a Ogba ranar Juma'a, zan iya biyowa in gani da idona bayan an sauko daga masallaci, idan ka turo mini kwatance.